Nana Asma'u 'Yar Shehu Da Ayarin 'Yan Taru

A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai leƙa Sakkwato ne, domin mu kawo muku tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙanta da rahama. Mun san sunan ba baƙo ba ne a kunnen kowa, don kuwa da wuya ka shiga unguwar Hausawa ba ka tarar da wata Islamiyya ko wata yarinya mai wannan suna ba. Amma idan ka tambayi yawancinmu me ta yi, sai a ce maka ai malama ce, ta yi waƙoƙi, shi ke nan. To malanta da waƙa gaskiya ne. Sai dai akwai wani aiki nata da ya fi shafarmu mu mazauna baƙon wuri, wato yadda ta haɗa kan matan da ke yi wa jama'a hidima a ƙauyuka daban-daban, ta sa suka san juna, suka riƙa ziyartar juna, har aikin ya rayu fiye da shekara ɗari bayan ranta.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi, wani abu ne da ya faru a gaban idonmu. Kwanakin baya an kawo wata baiwar Allah jinya daga nesa, rai ya yi halinsa cikin dare, mai jinyarta kuwa yaro ne, bai san kowa a garin nan ba sai wani ɗan garinsu mai shago a kasuwa. Mu 'yan kasuwa muka haɗa kuɗin likkafani nan da nan, wannan bai ba mu wahala ba. Abin da ya gagare mu shi ne samun macen da za ta yi mata wanka. Muka yi ta buga ƙofofi har hantsi ya dubi ludayi, ashe akwai wata dattijuwa da ta shekara tana wannan aiki saboda Allah, layi biyu kacal tsakaninta da inda muke tsaye. Ba mu san ta ba, ita ma ba ta san mu ba. Ranar nan muka gane cewa garin nan bai rasa masu aikin alheri ba, sanin juna ne dai suka rasa.

Haihuwarta Da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Ɗegel, wani ɗan ƙauye a ƙasar Gobir ta wancan lokaci, wanda yanzu ke cikin Jihar Sakkwato. Tagwaye aka haife su, ɗan'uwan haihuwarta sunansa Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogo lokacin hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Bello ya girme ta da shekara 12, kuma shaƙuwar da ke tsakaninsu ta zarce har ƙarshen rayuwarsa.

Gidan Shehu gida ne da mace ke karatu kamar yadda namiji ke yi. Shi kansa Shehu a littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke tara almajirai a zaure suna koyar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci a cikin gida. Don haka Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da sauran fannoni, ta kuma iya harshe huɗu: Larabci, Fulatanci, Hausa da harshen Buzaye.

Amma fa ba cikin hutu ta yi karatun nan ba. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta ɓaci tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Daga nan sai yaƙi. An yi na Tafkin Kwatto a tsakiyar shekarar, an yi na Tsuntsuwa inda mahaddata masu yawa suka rasu, aka sha yunwa da ciwo da ƙaura daga wannan zango zuwa wancan, har aka dangana da Gwandu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Ke nan shekarun da yarinya ke wasan ɗiya da gaɗa, ita ta yi su ne tana tafiya a ƙasa tare da mata masu goyo da zawarawan da mazansu suka kwanta dama a fagen fama. Wanda ya ga haka da idonsa ya san abin da ake nufi da zama baƙo a wurin da ba ka da kowa.

Aurenta Da Aikin Alƙalami

An ɗaura mata aure da Gidado ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Da aka kafa birnin Sakkwato a 1809 nan suka zauna. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, ya riƙe har 1837. Gidan Waziri ya zama masaukin baƙi da malamai da manzanni daga ko'ina. Har Baturen nan na Birtaniya mai yawon buɗe ido, Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824, a hannun Gidado ya sauka. Kun ga ke nan Nana ta zauna a gidan da labarin ƙasa duka ke biyowa ta cikinsa.

Bayan rasuwar Shehu, ita da mijinta sun ba da ƙarfi wajen tattara littattafansa da adana su da rubuta tarihin abin da ya gudana, don kada ya salwanta. Duk mai sayar da littattafan addini ya san wahalar wannan aiki a zamanin da babu injin ɗab'i, kowane littafi da hannu ake kwafe shi, warƙa-warƙa, ga gara, ga ruwan sama, ga gobara. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, ta rubuta shi da Larabci a 1820, tana da shekara 27. Abin da ya iso gare mu na rubuce-rubucenta ya kai wajen 60, mafi yawansu waƙoƙi, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Sunanta ya kai nesa, har wani malami daga Shingiɗi, can ƙasar Muritaniya ta yau, ya yi musayar baitoci da ita.

Wani abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe. Idan da malamai take magana, sai ta yi Larabci. Idan da danginta ne da mutanen gidan Shehu, sai Fulatanci. Idan kuwa saƙon na talakawa ne, matan karkara da bayi da waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba, sai ta yi shi da Hausa cikin ajami, domin Hausa ita ce harshen da mafi yawan jama'a ke ji. Ƙaninta Isa, autan Shehu, ya taimaka wajen mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Mu 'yan kasuwa mun san wannan dabara: kaya iri ɗaya ne, amma awon da za ka yi wa mai sari daban, na mai sayen kwano guda daban.

Halin Da Ta Tarar Da Mata

Yaƙi ya ƙare a baki, amma ɓarnarsa ba ta ƙare ba. Shekaru da yawa bayan kafa daula ana ta gwabzawa da Gobirawa da Kabawa da sauransu, har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836. Kowane yaƙi yana barin zawarawa da marayu, yana kuma kawo mata da aka kamo aka raba su da garuruwansu da danginsu, aka zaunar da su a Sakkwato da Wurno da ƙauyukan kewaye. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ta ba. Mata da yawa sun sami kansu a wurin da ba su da uwa ba su da uba, ba su san hukuncin tsarki ko salla ba, kuma idan ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama, ba su da wurin zuwa sai wajen 'yan bori. A ƙasar Gobir ma akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar bori, tana da kwarjini ƙwarai a idon mata.

Nana ta dubi lamarin nan da idon basira. Ta ga cewa mata ba don ƙin gaskiya suke zuwa can ba, sai don a can ne ake sauraronsu, a can suke samun 'yan'uwa. Idan ka hana mutum rijiyar da yake sha, to sai ka haƙa masa wata. A 1839 ta rubuta littafi da Larabci a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'in da suka zo a sunna, domin malamai su sami abin ba masu ciwo da masu naƙuda da masu damuwa. Amma ta san littafi a cikin gafaka ba zai kai kansa ƙauye ba. Ita kuma matar Waziri ce, ba za ta iya bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Matan auren da ke ƙauyukan su ma ba za su bar miji da 'ya'ya su taho birni karatu ba. To yaya za a yi ilmi ya sadu da mai bukatarsa?

Yadda Ta Tsara 'Yan Taru

Amsar da ta samo ita ce tsarin da aka sani da suna 'Yan Taru, wanda ya kankama tun zamanin Sarkin Musulmi Bello, cikin shekarun 1830. Ta riƙa zaɓen mace dattijuwa daga ƙauye, wadda mutanen wurin suka yarda da hankalinta da amanarta, ta naɗa ta shugabar matan wannan yanki. Sunan da ta ba irin wannan shugaba shi ne jaji. Wannan kalma kuwa daga bakin fatake ta fito, don jaji shi ne mai jan ayari. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san cewa ayari ba ya tashi sai da wanda ya san hanya, ya san mashaya, ya san zangon da za a kwana da mai masaukin da za a sauka a hannunsa. Wannan tsari na fatake shi Nana ta ɗauko, sai dai kayan da ayarinta ke ɗaukowa ilmi ne.

Ranar naɗi takan ba jaji malfa, irin babbar hular kaba ɗin nan, a naɗe ta da jan rawani. Malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, saboda haka duk macen karkara da ta gani ta san alamar shugabanci ce. Nana ba ta jefar da alamar ba, sai ta sauya mata ma'ana. Daga ranar nan, duk inda aka hango mace da malfa da jan rawani tana gaban ayarin mata, an san 'yar saƙon Nana ce, ba mai tare ta, ba mai wulaƙanta ta.

Su wa ke cikin ayarin? 'Yan mata ƙanana da ba a kai ga aurar da su ba, da kuma tsofaffin da suka wuce haihuwa. Waɗannan su ne masu sararin yin tafiya ba tare da an bar gida ba kowa ba. Sukan tako a ƙasa daga ƙauyukansu, jaji na gaba, suna rera waƙoƙin wa'azi a hanya, har su iso gidan Nana. Sukan yi kwanaki, su ziyarci Hubbaren Shehu, su zauna gabanta ta biya musu waƙa baiti-baiti, ta yi musu bayani, su kawo matsalolin da matan garinsu suka aiko su da su, ta ba da amsa. Idan sun koma gida, sai su bi matan aure ɗaki-ɗaki suna koya musu abin da suka ɗauko. Ta haka macen da ba ta taɓa taka ƙofar Sakkwato ba take samun karatun 'yar Shehu a tsakar gidanta, tana daka ko tana kaɗi.

Waƙoƙin nan su ne littattafan makarantar. Akwai gajeruwa wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 don a haddace su cikin sauƙi. Akwai masu koyar da tauhidi da salla da azumi da zakka. Akwai mai ba da tarihin Manzon Allah, akwai mai ba da labarin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙen da aka yi. Akwai kuma wadda ta lissafo mata salihai tun daga matan Annabi har zuwa matan gidan Shehu, wadda ta ɗauko daga wani littafi na Bello, domin mace ta san cewa akwai irinta a cikin bayin Allah na gari. Hikimar waƙa ita ce ba ta bukatar takarda. Ba ta jiƙewa a rafi, ɓarawo ba ya ƙwace ta, kuma wadda ba ta iya karatu ba ma tana iya ɗauka.

Sa'an nan ba hannu sake suke zuwa ba. Kowace ƙungiya takan taho da sadakar da matan ƙauyen suka tara, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare. Nana ba ta tara wannan kaya a rumbunta, rarraba shi take yi ga makafi da guragu da sauran mabukata. Kun ga ke nan ilmi na fita daga birni zuwa ƙauye, abinci na shigowa daga ƙauye zuwa ga miskinan birni, kowane ɓangare na da abin bayarwa, babu wanda ya zama ɗan maula.

Aikin jaji kuma bai tsaya ga biya karatu ba. Ita ce mai wankan gawar mata, ita ce mai duba mara lafiya da mai jego, ita ce mai sasanta mata idan sun saɓa, ita ce mai tattara mata su share masallaci, ita ce mai jan kunnen amarya. Duk abin da a yau ake kafa ƙungiyoyi da ofisoshi da motoci dominsa, waɗannan tsofaffi sun yi shi da ƙafa da sanda. Bambancinsu da mai aikin alheri shi kaɗai shi ne kowace jaji ta san akwai irinta a ƙauye na gaba, sun haɗu a gidan Nana, karatunsu ɗaya, alamarsu ɗaya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to su kam sun taka.

Wani abu da ke nuna irin zuciyarta shi ne waƙoƙin ta'aziyya da ta yi. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Gidado, ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima, mace talaka, ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u da ta shekara tana kawo mata ayarin ɗalibai. Abin da ta yaba musu shi ne haƙuri da kyauta da kyautata wa maƙwabci da riƙon zumunci. Da ba don alƙalaminta ba, da yau babu wanda ya san an yi waɗannan mata a duniya. Shugaban da ke tuna ƙananan ma'aikatansa har bayan ransu, ai dole a bi shi da zuciya ɗaya.

Rasuwarta Da Abin Da Ya Biyo Baya

Nana ta ga zamanin sarakunan Musulmi da dama bayan Bello, ta kuma ga ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri. Ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato.

A nan ne ake gane ginin da aka yi da tubali mai kyau. Sau nawa muka ga ƙungiya ta mutu ranar da aka binne wanda ya kafa ta? Ta Nana ba ta mutu ba, domin ta riga ta tarbiyyantar da masu ɗauka. Ƙanwarta Maryam 'yar Shehu, wadda ta taɓa zama a gidan sarautar Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, ita ta karɓi ragamar, ta ci gaba da naɗa jajoji da karɓar ayari har zuwa rasuwarta wajen 1890. Bayanta ma wasu matan zuriyar suka ɗauka. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sarauta ta sauya, kuɗi ya sauya, hanya ta sauya, amma tsofaffin nan ba su fasa tahowa ba.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta yi shekaru da yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da jajoji da ransu suna aiki, ta zauna da su. Marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda jinin Nana da Gidado ne, ya buɗe mata taskar littattafan gidansu. Ta fitar da tarihin Nana da Turanci a 1989, sa'an nan ita da wata malama 'yar Amurka, Beverly Mack, suka tattara rubuce-rubucenta suka buga a 1997. Daga nan sunanta ya ƙara bazuwa a duniya, har wasu mata Musulmi baƙaƙen fata a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiya suka sa mata suna 'Yan Taru. A gida Nijeriya kuma, ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, suna ɗaukar ta a matsayin uwa abin koyi.

Mu Kuma Fa A Gwagwalada?

Garin nan na baƙi ne da 'yan gida. Tun da aka ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma dawo da gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991, mutane ke ta kwararowa. Jami'ar Abuja da aka kafa a 1988 a nan ta fara karatu, ga asibitin koyarwa da ake kawo marasa lafiya daga jihohin kewaye, ga babbar hanyar Lakwaja da ba ta barci dare da rana. Mun zo mun tarar da Gbagyi da Bassa da sauran masu ƙasa, suka karɓe mu, muna ciniki tare, muna maƙwabtaka. Wasunmu daga Kano, wasu Katsina, wasu Sakkwato, Zariya, Zamfara, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Da yawa cikin matanmu an kawo su ne daga gida aka ajiye a ɗakin haya, ba uwa kusa, ba gwaggo, ba inna. Idan miji ya fita kasuwa tun asuba, sai ita da bango. Halin da Nana ta tarar da matan zamaninta bai yi nisa da wannan ba, illa dai mu ba yaƙi ya kawo mu ba, neman abinci ne.

Kuma masu hidima suna nan. Akwai malamai mata da ke koyar da matan aure da yamma, akwai ungozomomi, akwai 'yan agaji, akwai masu kai abinci asibiti, akwai masu haƙan kabari, akwai dattawan da ke kashe rigima a kasuwa da tasha. Amma na Kutunku bai san na Zuba ba, ta Dobi ba ta san ta Tungan Maje ba. Kowa na ta fama shi kaɗai har ya gaji ya bari, ko ya mutu aikin ya bi shi. Abin kunya ne a ce tsofaffin da ke tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa sun san juna, mu da ke da waya a aljihu da babur a ƙofar gida ba mu san mai wankan gawar layinmu ba.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya da iyayenmu mata ita ce a fara da abu mai sauƙi. A buɗe littafi guda, a rubuta kowace unguwa da wanda ke wane aiki a cikinta, namiji ko mace, a ajiye kwafi wurin Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa. Kowace unguwa matanta su fitar da dattijuwa guda da suka yarda da ita, kada maza su zaɓa musu, domin Nana ma wadda mutanen ƙauye suka amince da ita take naɗawa. Waɗannan dattawa su riƙa haɗuwa lokaci-lokaci, yau a wannan unguwa gobe a waccan, mu kuma 'yan kasuwa mu ɗauki kuɗin motarsu, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Abin da aka tara na taimako a raba shi a bainar jama'a, kuma idan maƙwabcinmu Bagwari ko wani wanda ba Bahaushe ba ya shiga wani hali, kada a tsallake ƙofarsa. Sa'an nan duk mai wani aiki ya jawo yaro ko yarinya kusa da shi ya koya masa tun yana da ƙarfi, kamar yadda ayarin 'Yan Taru ke haɗa tsohuwa da jikanyarta a hanya ɗaya.

Ita dattijuwar nan da muka ba ku labari a farko, yanzu mun san gidanta, kuma mun ji ta fara koya wa mata biyu. Saura sauran unguwanni. Duk wanda ya san wani bawan Allah ko wata baiwar Allah da ke irin wannan hidima a ɓoye, ya kawo sunansa wurin sakataren ƙungiya kafin taro mai zuwa.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da jajojinta da duk magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.